Jagora Kan Kalmomin Ingilishi Masu Bayyana Asali da Al'ada, da Yadda Ake Amfani da Su Cikin Mutunta Jama'a

Duk wanda ya taɓa cike takardar neman gurbin karatu a ƙasar waje, ko ya fassara labari daga Hausa zuwa Ingilishi, ko ya tsaya gaban baƙi zai gabatar da kansa da mutanen garinsu, ya san irin tsaikon da ake yi idan aka zo wurin zaɓen kalmar da za ta bayyana asali. Ƙamus yakan ba mutum kalma, amma ba kasafai yake gaya masa irin kayan da kalmar ta ɗauko a kanta ba. Kalmomin Ingilishi da suka shafi ƙabila da launin fata da addini da harshe sun ratso ta cikin cinikin bayi da mulkin mallaka da gwagwarmayar neman 'yanci, saboda haka wasunsu sun iso mana da tabo, wasu kuma suna da daraja a wata ƙasa alhali zagi ne a wata. Matakan da ke tafe su ne nake ganin ya kamata ɗalibi da ɗan jarida da mai fassara su bi kafin su kira wata al'umma da wani suna.

Mataki na farko shi ne mutum ya rarrabe kalmomi huɗu da ake yawan cakuɗawa, wato "race" da "ethnicity" da "nationality" da kuma "citizenship". Ta farko tana nufin rabon da ake yi wa mutane bisa kamannin jiki, musamman launin fata, kuma masana kimiyya a yau suna ɗaukarsa a matsayin rabon da al'ummomi suka ƙirƙira, ba iyakar da halitta ta shata ba. Ta biyu ita ce ta fi kusa da abin da muke nufi da ƙabila, wato jama'ar da harshe da tarihi da al'ada suka haɗa. Ta uku da ta huɗu sun shafi dangantakar mutum da ƙasa a bisa doka, kuma a takardun tafiya kusan abu ɗaya suke nufi. Idan Bahaushen Kano ya ga gurbin "nationality" a takarda, abin da zai rubuta shi ne "Nigerian", ba "Hausa" ba. Ɗan Maraɗi ko Damagaram kuwa "Nigerien" zai rubuta, kuma harafi ɗaya tak da ya raba kalmomin biyu ya isa ya sa a mayar da mutum ɗan wata ƙasa, don haka a duba shi da kyau. A takardun Birtaniya Bahaushe zai sami kansa a rukunin "Black African", a na Amurka kuwa a ƙarƙashin "Black or African American".

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan ne mai jin Hausa ya fi saurin zamewa. Kalmar ƙabila, wadda muka aro daga Larabci, ba ta da wani aibu a harshenmu. Jam'inta ya zo a aya ta 13 ta Suratul Hujurat, inda aka bayyana cewa an sanya mutane al'ummomi da ƙabilu ne domin su san juna, saboda haka Bahaushe yana faɗinta ba tare da ya ji ya ƙasƙantar da kowa ba. Idan ya buɗe ƙamus sai ya tarar an fassara ta da "tribe", sai ya ɗauka nauyinsu ɗaya. Ba haka abin yake ba. Asalin "tribe" kalmar Latin ce da ake kiran rassan mutanen tsohuwar Rum da ita, amma a zamanin mulkin mallaka Turawa sun keɓe ta ga mutanen da suke ganin ba su waye ba, suka riƙe "nation" da "people" ga kansu. Sakamakon haka shi ne a ce Hausawa, waɗanda yawansu ya ninka na mutanen Suwidin sau da yawa, masu birane da ganuwa da rubutun ajami da kasuwanci har Arewacin Afirka, "tribe" ne, alhali ba a kiran mutanen Suwidin na yau da wannan suna. Haka kuma idan rikici ya ɓarke a Turai sai a kira shi "ethnic conflict", idan irinsa ya faru a Afirka sai a ce "tribal war", kalmar da ke nuna kamar faɗan ba shi da wani dalili na siyasa ko na ƙasa ko na tattalin arziki, hali ne kawai na mutanen wurin.

Ma'aunin da nake ba da shawarar a riƙe mai sauƙi ne. Kafin a rubuta kalma a kan wata al'umma, a ɗora ta a kan mutanen Ingila ko na Faransa a ji ko ta zauna. Idan ba ta zauna a kansu ba, to, da wuya ta dace da Tibi ko Nufawa ko Hausawa. A rubutun ilimi da na jarida, "ethnic group" ko "people" ko "community" sun wadatar, kuma mafi kyau duka shi ne a ambaci sunan kai tsaye, a ce "the Hausa people".

Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi cewa kalmar "tribe" ba haramtacciya ba ce a ko'ina. 'Yan Najeriya suna tambayar juna da ita kullum ba tare da mugun nufi ba, kuma tana cikin taken ƙasa na 1960, wanda aka ajiye a 1978 aka kuma dawo da shi a watan Mayun 2024, abin da ya jawo muhawara a lokacin. A Amurka kalma ce ta doka, domin gwamnatin tarayya ta amince da al'ummomin asali fiye da 570 a ƙarƙashin wannan suna, ko da yake da yawansu sun fi son a kira su "nation". A Indiya ma tsarin mulki ya ambaci "Scheduled Tribes". Idan ana maganar waɗannan a matsayinsu na doka, ba a sauya kalmar.

Mataki na uku ya shafi kalmomi uku masu kama da juna, "native" da "indigenous" da "indigene". Dattawanmu sun san ta farko ta cikin En'e, wadda taƙaitawa ce ta "Native Authority", hukumar gargajiya da Turawa suka yi mulki ta hannunta. A bakin jami'in mulkin mallaka, "the natives" na nufin talakawan da ake mulka, shi ya sa kiran mutane da haka a yau raini ne. Amma idan ta zo a matsayin sifa ba ta da laifi: ana cewa "native speaker" ga wanda ya tashi da harshe, ana cewa "a native of Katsina" ga haifaffen Katsina, kuma "Native American" suna ne karɓaɓɓe. Ita kuwa "indigenous" a dokokin duniya tana nufin al'ummomin da suka riga wasu zama a ƙasa sannan aka mamaye su aka mayar da su saniyar ware, kamar Maori na Niyu Zilan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙoƙinsu ranar 13 ga Satumba, 2007, kuma Najeriya tana cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Ta uku, "indigene", kusan a Ingilishin Najeriya kaɗai take da rai. Ita ce ke kan takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, kuma sashe na 147 na tsarin mulkin 1999 ya yi amfani da ita wajen sharɗanta cewa a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha. Baturen da ya karanta ta ba lalle ne ya fahimta ba sai an yi masa bayani. A cikin gida kuma, haɗa ta da kishiyarta "settler" abu ne mai zafi, kamar yadda tarihin rikicin Jos ya nuna, don haka ɗan jarida ya jingina kalmar ga wanda ya faɗe ta, kada ya yanke hukunci da alƙalaminsa cewa wane baƙo ne a garin da aka haifi kakansa.

Mataki na huɗu shi ne a nemi sunan da mutane suke kiran kansu da shi, a fifita shi a kan wanda maƙwabta suka laƙaba musu. A duniya an yi irin wannan gyara da yawa. An bar "Eskimo" an koma "Inuit" a Kanada da Girinlan, an bar "Lapp" an koma "Sámi" a arewacin Turai, an bar "Galla" an koma "Oromo" a Habasha, kuma tun babban taronsu na farko da aka yi kusa da Landan a 1971 mutanen da ake kira "Gypsy" suka zaɓi "Roma". Da yawa daga cikin waɗanda ake kira "Berber" a Maroko da Aljeriya sun fi son "Amazigh".

A nan dole mu duba gidanmu, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Turawan da suka mulki Arewa da harshen Hausa suka yi aiki, tafintocinsu da masinjojinsu ma Hausa suke ji, saboda haka sunayen da suka shiga takardun Ingilishi na al'ummomi da dama ba nasu ba ne, waɗanda Hausawa suke kiran su da su ne. Ta wannan hanya aka sami "Gwari" maimakon Gbagyi, "Kaje" maimakon Bajju, "Kataf" maimakon Atyap, "Jaba" maimakon Ham, "Angas" maimakon Ngas, "Sura" maimakon Mwaghavul, "Ankwe" maimakon Goemai, da "Beriberi" maimakon Kanuri. "Munchi" da tsofaffin takardu suke kiran Tibi da shi, masu shi sun daɗe da ƙin sa. Wasu daga cikin tsofaffin sunayen sun saura a sunayen wurare, kamar ƙananan hukumomin Zangon Kataf da Jaba a Jihar Kaduna, kuma a matsayinsu na sunan wuri haka za a rubuta su. Amma idan mutanen ake nufi, sunansu na kansu ya kamata a rubuta. Bahaushen da ransa ke sosuwa idan an kira shi "aboki" a Legas da sigar raini, alhali kalmar a harshensa zumunci take nufi, ya fi kowa sanin yadda suna mai kyau yake zama ƙaya idan baƙo ya laƙaba shi. Haka kuma a rubuta "Igbo", domin "Ibo" tsohon rubutun Turawa ne.

"Fulani" ma ta bakin Hausa ta shiga Ingilishi, su kuwa Fulɓe suke kiran kansu, amma wannan suna ya karɓu kuma ba a ɗaukarsa zagi. Wanda ke buƙatar hattara shi ne "Hausa-Fulani". Yana iya bayyana iyalan da auratayya da zaman birni suka gauraya, sai dai jaridu sukan jefa shi a kan duk Musulmin Arewa, har da Kanuri da Nufawa, kuma akwai Hausawa da Fulani da dama da ba su yarda a dunƙule su haka ba. Idan an san ko wane ne ake magana a kansa, a faɗi sunansa shi kaɗai.

Mataki na biyar shi ne a tambayi kai ko a wace ƙasa mai karatu yake, domin Ingilishi ba ɗaya ba ne. "Coloured" a Amurka da Birtaniya tsohuwar kalma ce ta zamanin wariya da ba a so, duk da cewa "people of color" karɓaɓɓiya ce a Amurka, kuma ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fatar Amurka, wadda aka kafa a 1909, tana riƙe da tsohuwar kalmar a sunanta saboda tarihi. A Afirka ta Kudu kuwa "Coloured" sunan wani rukuni ne na jama'a da ake ƙirgawa a ƙidaya har yau. "Asian" a Birtaniya galibi 'yan asalin Indiya da Pakistan da Bangaladash ake nufi, a Amurka kuwa hankali ya fi tafiya ga Sin da Japan da Koriya. "Negro" da "Oriental" sun tsufa, har ma a 2016 Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar da ta cire su daga wasu dokokin tarayya. "African American" ta yaɗu ne daga ƙarshen 1988, bayan da Jesse Jackson da wasu shugabannin baƙaƙen fatar Amurka suka yi kira a karɓe ta, kuma ta fi nuni ga jikokin waɗanda aka kai Amurka a matsayin bayi, shi ya sa ɗan Najeriya da ya sami takardar zama ɗan ƙasa yakan kira kansa "Nigerian American". Kada kuma a kira ɗan Sikotilan ko ɗan Wales "English", domin "British" ce ta haɗa su.

Akwai kalmomi biyu da nake roƙon matasanmu su nisance su ɗungurungum. Ta farko ita ce wadda take farawa da harafin N, da suke ji a waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka har su ɗauka gaisuwa ce. Masu ita suna da tarihin da ya sa wasunsu suke faɗinta a tsakaninsu, wasunsu kuma ba su yarda da ita ko kaɗan ba, kuma a makaranta ko wurin aiki tana iya raba mutum da gurbinsa. Ta biyu ita ce "kaffir". Mai jin Hausa zai ɗauka kafiri kawai ake nufi, domin tushensu ɗaya ne a Larabci, amma a Afirka ta Kudu ita ce mafi munin zagin da ake yi wa baƙar fata, har a 2018 wata kotu ta ɗaure wata mata saboda ta yi ta jifan 'yan sanda da ita.

Mataki na shida ya shafi kalmomin da ke kewaye da suna, waɗanda sukan ƙasƙantar da al'umma ko da an kira ta da sunan da take so. Hausa "language" ce, harshe cikakke na dangin harsunan Chadi, su kuwa Sakkwatanci da Kananci da Katsinanci su ne "dialects", wato karin harshe. Kiran ɗaya daga cikin harsunan Najeriya sama da 500 da "dialect" don kawai masu shi ba su da yawa kuskure ne, kuma shi ne irin rainin da wani lokaci yake ɓoye a cikin yadda muke cewa "yare". "Vernacular" kuwa, duk wanda aka taɓa cin sa tara a makarantar kwana saboda ya yi magana da harshen uwarsa ya san ɗacinta, don haka "mother tongue" ko "first language" sun fi. Babbar riga da rawani "dress" ne ko "attire", domin "costume" ta fi nuni ga kayan da ake sawa a wasan kwaikwayo. A guji "primitive" da "exotic". Mai maganin gargajiya "traditional healer" ne, ba "witch doctor" ba. Game da Maguzawa da sauran masu bin addinin gargajiya, "traditional religion" ta fi "pagan" da "heathen" mutunci. Mai bin addinin Musulunci "Muslim" ne, "Mohammedan" ta mutu tuntuni, "Islamic" sifa ce ta abin da ya shafi addinin, ita kuwa "Islamist" kalmar siyasa ce, kuma sanya ɗaya a gurbin ɗaya ba ƙaramin zalunci ba ne. Sarakuna a ba su laƙabinsu na ainihi: "Sultan" ga Sarkin Musulmi, "Emir" ga Sarkin Kano, "Shehu" ga na Borno, "Lamido" ga na Adamawa, "Tor Tiv" ga na Tibi, ba a tara su a ƙarƙashin "tribal chiefs" ba.

Mai fassara ya lura kuma cewa 'yan gudun hijira a Hausa suna ɗaya ne, a Ingilishi kuwa biyu. Wanda ya tsallaka iyakar ƙasa, kamar 'yan Borno da suka fake a Diffa ko a sansanin Minawao na Kamaru, shi ne "refugee" bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan gudun hijira ta 1951. Wanda ya bar ƙauyensu ya koma Maiduguri "internally displaced person" ne. Tun 2013 kamfanin dillancin labarai na AP ya daina kiran mutum "illegal immigrant", bisa hujjar cewa aiki ne yake saɓa wa doka, ba mutum ba.

Mataki na bakwai gajere ne, kuma na nahawu ne. Sunayen ƙabilu da harsuna da addinai duk da babban harafi suke farawa a Ingilishi. Tun watan Yunin 2020 AP da manyan jaridun Amurka da dama suke rubuta "Black" da babban harafi idan jama'a ake nufi. A yi amfani da irin waɗannan kalmomi a matsayin sifa, a ce "a Black doctor" ko "Black people", domin "a black" ko "the blacks" suna da kaushi a kunne. Haka nan jimlar da ta fara da "the Fulani are" sannan ta ɗora wa miliyoyin mutane hali ɗaya ta riga ta ɓaci tun kafin a ƙarasa ta. Idan ƙabilar mutum ba ta da alaƙa da labarin, musamman labarin aikata laifi, a bar ta kawai.

Mataki na ƙarshe shi ne tambaya, tunda matambayi ba ya ɓata. Idan mutumin da ake rubutu a kansa yana kusa, a tambaye shi yadda yake son a bayyana shi, a kuma karɓi amsarsa ko da ta saɓa wa abin da aka karanta, domin a cikin al'umma ɗaya ma ra'ayi yakan bambanta: akwai 'yan asalin Amurka da suka fi son "American Indian", akwai kuma wasu al'ummomi a Birtaniya da suke kiran kansu "Gypsy" da alfahari. Idan ba ya kusa, a duba yadda ƙungiyoyin al'ummar suke rubuta sunansu a takardunsu. A tuna kuma cewa wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, yana da ƙa'idojin da masu shi suka sani, kuma da zarar an juya shi zuwa Ingilishi an sa a gaban waɗanda ba su san taubasantaka ba, sai ya koma cin fuska. Idan an yi kuskure aka yi wa mutum gyara, ya ba da haƙuri a taƙaice, ya maimaita jimlar da kalmar da ta dace, ya ci gaba da magana ba tare da doguwar kare kai ba. Idan kuwa shi ne baƙo ya tambaya cewa wace "tribe" yake, alhali a fili yake cewa neman sani ne ya kawo tambayar, ya isa ya amsa cewa shi "Hausa" ne, ya ƙara da cewa Hausawa "people" ne da ke zaune a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi har Sudan, sannan ya tambayi baƙon yadda su ma suke kiran kansu a garinsu.